Ranar da Yaya Ya Kai Kyamarar Baba Fenti

Ni dai sana'ata sayar da tsofaffin kyamarori ce, irin masu fim ɗin nan da aka daina yayinsu tun ina 'yar makaranta. Ba ni da shago, ba ni da tebur a kasuwa. Daga ɗakina nake ciniki, a unguwar Biafra cikin Treichville a birnin Abidjan, a gidan da aka haife ni, mai tsakar gida ɗaya da famfo ɗaya da ƙofofi tara. In na samo kyamara sai in kaɗe mata ƙura, in gwada ta, in ɗauki hotunanta ta kowane gefe, in sa ta a shafin gwanjo na intanet. Kwana bakwai ake yi mutane suna taya ta daga ƙasashen da ban taɓa takawa ba, wannan ya ƙara a kan wancan, wanda tayinsa ya fi a daƙiƙar ƙarshe shi ne mai kaya. Inna dai cewa take yi zama nake ina latsa waya, Allah yana tausaya mini.

Ta hannun Yaya na faɗa harkar, ba da saninsa ba. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, ya girme ni da shekara goma sha biyu, kuma shi ya riƙe gidan tun rasuwar mahaifinmu. Rumfarsa tana kasuwar Adjamé, yana sayar da kayan da Turawa suka gama amfani da su aka loda a kwantena aka kawo mana: dutsen guga, fanka, rediyo, injin markaɗe. Wata rana ya tsinci kyamarori biyu a gindin kwali, ya miƙo mini ya ce in ba yaran gida su yi wasa. Ban ba yara ba. Abin da na samu a kansu ya fi kuɗin fanka uku, daga nan ban sake waiwayawa ba.

Yaya yana da aƙida ɗaya a kasuwanci, kuma ba shi kaɗai ba, duk layinsu haka suke: kaya ba ya barin rumfa sai yana ƙyalli. A wanke da soso, a shafa mai, inda ya goge a kai wa mai fenti. Dutsen guga ko ya kai shekarun Inna, in ya ratsa ta hannun Yaya sai ka rantse jiya aka ƙera shi. A wurinsa wannan ba yaudara ba ce, mutunta mai saye ne. Ka miƙa wa mutum kaya dususu, to ka raina shi.

Akwai wani dattijo a unguwarmu da kowa ke kira Baba mai hoto. Mutumin garin Tawa ne, ya sauko Abidjan yana saurayi, ya buɗe shagon hoto kusa da kasuwa. Babu gidan Hausawa a Treichville da ba shi da hoton da ya ɗauka: na suna, na biki, na maniyyata ranar tafiya, na katin shaida. Hoton mahaifinmu guda ɗaya tal da muke da shi, shi ya ɗauka. Da wayoyi suka zo shagon ya mutu, ido ya yi rauni, matarsa ta rasu, ya koma ɗaki ɗaya a bayan masallaci.

Wata safiya ya yi sallama a ƙofata, riƙe da abu a naɗe cikin tsohon tawul. Na shimfiɗa masa tabarma, muka gaisa, ya warware a hankali.

“'Yata, an ce kina sayar wa Turawa irin waɗannan. Ita kaɗai ta rage mini. Gida nake so in koma. In ta kawo kuɗin mota da abin da zan rufa ɗaki in zauna ba tare da na zama kaya a kan kowa ba, alhamdu lillahi. In ba ta kawo ba, to nan Allah ya rubuta.”

Na ɗauki kyamarar na duba. Ƙarama ce, mai nauyi, ƙirar Jamus, baƙa. Baƙin fentin ya goge a kusurwoyi da inda yatsu ke kamawa, tagullar ciki ta leƙo tana ɗaukar ido. Wanda bai sani ba zai ce ta tsufa ta lalace. Amma masu tara irin waɗannan kyamarori wannan gogewar suke nema ido rufe, domin ita ce shaidar fentin asali ne, ba a taɓa ta ba. In aka sake mata fenti, ko wane gwani ne ya yi, ta tashi daga abin da ake rububi ta koma tsohon ƙarfe. Na ce masa, “Baba, ka bar ta a hannuna, amana ce.” Na sa ta a gwanjo ranar Lahadi bayan la'asar, za a rufe Lahadi mai zuwa daidai wannan lokaci.

Kashegari Yaya ya biyo gaida Inna, na nuna masa hotunan a waya da ɗokina. Ya kalla, ya yamutsa fuska.

“Haba! Wannan kika nuna wa duniya? Kayan dattijo guda, ko gogewa babu? Ai sai su ce mu ƙazamai ne.”

A nan ne na yi nawa kuskuren, kuma ba zan ɓoye ba. Minti biyu ya ishe ni in zaunar da shi in yi masa bayani. Amma ina tsakiyar amsa wa wani mai tambaya daga Japan, kuma ni dama bakina ya fi hankalina sauri. Ko ɗago kai ban yi ba na ce, “Bari kawai, Yaya, ba za ka gane ba.” Ya ɗauki hularsa ya fita. Ni kuwa na ma manta na faɗa.

Zuwa Alhamis tayi yana ta hawa, masu sa ido sun yi yawa, har na fara jin barci mai daɗi. Da safe wani ya nemi in ɗauko masa hoton gindin kyamarar a hasken rana. Na fito da ita, na shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur bakin ƙofar Inna, na ɗauka na tura. Sai na tuna ina da wani ƙunshi da zan kai gidan waya kafin layi ya yi tsawo. Na ce, “Inna, ki sa mini ido a kan wannan,” na yafa gyale na fita.

Layin ya ci ni har wajen sha ɗaya. Da na dawo, farin ƙyallen yana nan a shimfiɗe, babu komai a kansa. Inna tana gefe tana yanka kuɓewa.

“Inna, ina kyamarar Baba?”

Ta yi murmushi irin na mai riƙe da albishir. “Yayanki ya ɗauka. Ya ce kar in gaya miki, so yake ki gan ta kawai.”

“Ya ɗauka ya kai ina?”

“Wajen mai fentinsa mana. Ya ce kafin la'asar za ta dawo sabuwa fil.”

Innalillahi! Na kira wayarsa, tana ta ƙara ba a ɗauka. Na sake, na sake. Na san halinsa, wayar tana can ƙasan aljihun babbar riga, ga hayaniyar Adjamé, ko bindiga aka harba a aljihun ba zai ji ba. Inna ta ajiye wuƙa ta ce, “Ke lafiya? Gyara fa zai yi miki.” Na ce, “Inna, in fenti ya taɓa ta, Baba ba zai ga gida ba.” Ban tsaya jin amsarta ba na fita da gudu.

Ni da ke jiran motar haya ta cika don in rage ɗari biyu, ran nan sai na tare tasi ni kaɗai, ko kuɗi ban tambaya ba. Muna hawa gada muka tarar da cunkoso, motoci sun tsaya cak, rana ta take. Ina kallon ruwa ta taga, ina kallon agogon waya, ina lissafi: Inna ta ce ya fita wajen takwas da rabi. Awa uku ke nan. Na taɓa ganin mutumin nan yana fesa firji sukutum kafin in gama cin ayaba gasasshiya. Kyamarar da ba ta fi tafin hannuna ba, minti nawa za ta ɗauke shi?

Abin da ya fi ci mini rai, me zan ce wa Baba? Mutum ya riƙe abu shekara da shekaru, yunwa ba ta sa ya sayar ba, jinyar matarsa ba ta sa ya sayar ba, ya kawo mini kwana huɗu na salwantar. Direban ya leƙo ni ta madubi ya ce da Faransanci, “Madam, mutuwa aka yi?” Na ce masa ya tuƙa motarsa ya bar ni. Allah ya yafe mini, bawan Allah bai yi mini komai ba.

Da muka shiga Adjamé na ga tafiyar ƙafa ta fi motar sauri, na biya na sauka. Na ratsa ta gefen kasuwar Gouro, cikin masu sauke ayaba da buhunan albasa, ana ture ni ina ture mutane. Wata mai tumatir ta zage ni, na rama, ban ko tsaya ba. Igiyar takalmina ta tsinke, na cire na riƙe a hannu. Haka na isa rumfar Yaya, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu. Maƙwabcinsa ya ce tun safe ya leƙo ya wuce baya wajen mai fenti, bai dawo ba.

Lungun mai fentin ba a ɓata, wari ne ke kai mutum. Firji a jere, fankoki a rataye a igiya suna bushewa, ƙasa duk ta rine. A can ƙarshe na hango su biyu zaune a benci, Yaya da mai fentin, wani dogon mutumin Burkina mai furfura a gemu. A tsakaninsu, a kan tsohuwar jarida, ga kyamarar Baba. An naɗe gilashinta da tef. Kusa da ita ga takardar yashi da ake kankare tsohon fenti, an yanka ta ƙanana an jera.

Ihun da na yi, har masu walda na gefe suka kashe wuta.

“Kar ka taɓa ta!”

Na fizge ta na juya ta a hannu, sama, ƙasa, gefe da gefe. Tagullar tana nan. Kowace gogewa tana inda na bar ta, ko ƙwarzane babu. Na zauna a kan wani gwangwani, ashe murfinsa da ɗanyen fenti. Zanen nan har yau yana nan da shuɗin tambari a baya.

Mai fentin ya dube ni, ya dubi Yaya. “Madam, yayanki ne wannan? To sannu, kina haƙuri. Tun safe yake nan. Na ce masa jika biyar, wato sefa dubu biyar, ya ce biyu. Na ce aikin ƙanana ya fi na firji wuya, ya ce ai fentin da za ta sha bai kai cokali ba. Sau biyu yana tashi ya tafi har bakin lungu wai in kira shi. Ban kira ba, ya dawo da kansa. Mun sha shayi, mun yi hira, na sauko uku da rabi, ya hau uku, a nan muka maƙale. Wallahi da ya ƙara mini ɗari biyar ɗin nan, da yanzu ta bushe.”

Sefa ɗari biyar. Kuɗin faranti ɗaya na garba, abincin rogon nan na bakin titi, da ɗan kifi. Duk rayuwata ina jin haushin yadda Yaya ke ja-in-ja a kan canji, ya tsayar da mutum a rana a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Ranar kuwa da zan iya, da na sumbaci taurin kan nan nasa. Na fashe da dariya, dariyar ta juye kuka, ina rungume da kyamara kamar jaririya.

Sai idona ya faɗa kan wani abu baƙi wuluk yana sheƙi a kan bulo. Murfin gilashin ne. Mai fentin ya fesa shi tun farko don ya nuna wa Yaya irin aikinsa. Nan fushin da tsoro ya danne ya taso mini gaba ɗaya, na miƙe a kan Yaya a gaban mutane.

“Wa ya aike ka? Kayanka ne? Ka san saura ƙiris ka binne Baba a garin nan da hannunka? Komai fenti, komai fenti! In ba ka san abu ba ka tambaya mana!”

Bai ɗaga murya ba. Ya dube ni ya ce, “Na tambaya ai. Kika ce ba zan gane ba.” Ya ƙara da cewa, “Ni gani na yi kayan dattijo ne, shi ya ɗauki hoton babanmu. Ban so a raina shi.”

Ya sa hannu a aljihu ya tambayi mai fentin kuɗin murfin. Mutumin ya faɗa, Yaya ya ƙirga ya ba shi, bai nemi ragin ko dala ba. Tun da nake ban taɓa ganin haka ba, kuma a nan na san na yi masa ciwo. Ya wuce rumfarsa, ni na nemi mai gyaran takalmi.

Da na koma gida na ɗauki hoton murfin na ƙara a shafin, na rubuta gaskiya: an sake wa murfi fenti bisa kuskure, jikin kyamara da gilashi ba a taɓa su ba. A wannan sana'a in ka ɓoye abu, mai saye zai gani da kaya sun isa, ya dawo maka da su, sunanka kuma ya ɓaci. Mutum biyu suka rubuto suna tambaya ko na tabbata murfin kaɗai ne. Wani ya ce ya janye, tunda an taɓa ɗaya ba ya yarda da sauran. Tayi ya tsaya cak. Juma'a bai motsa ba, Asabar bai motsa ba, kuma inda ya tsaya ɗin kuɗin mota ne da ɗan guziri, babu maganar ɗaki.

Na je na gaya wa Baba da bakina, don kar ya ji a masallaci. Ya saurara har na gama, ya ce, “Allah ya tsare sauran, shi ke nan. Amma yayanki fa? An ce kin yi masa tsawa a kasuwa.” Kai, Biafra! Labari ya riga ni isowa. Inna kuwa ko kallona ba ta yi, sai da safiyar Asabar ta ce, “Kya je ko sai na kai ki?” Na sayi goro, na hau mota zuwa Adjamé, na durƙusa a rumfarsa tsakanin fankoki na ba shi haƙuri. Na fito da waya na nuna masa irin kyamarorin da aka sayar a baya, masu gogewa da waɗanda aka yi wa fenti, da bambancin kuɗinsu. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, “Turawan nan lafiyarsu ƙalau kuwa?” Ya ɓare goro ya miƙo mini rabi.

Ranar Lahadi ana idar da la'asar Baba ya shigo da sandarsa, Yaya na biye da shi. Inna ta shimfiɗa babbar tabarma a inuwa. Na zauna a tsakiya da waya, su uku sun kewaye ni, Baba ba ya ma ganin rubutun, fuskata yake kallo. Saura minti goma, shiru. Saura biyar, shiru. Yaya ya kasa zama, ya miƙe, ya zauna.

“To ke ba za ki ce albarka ba? A haka za ki sallama?”

“Yaya, a nan ba a cewa albarka. In lokaci ya cika ta tafi.”

“Wannan wace irin kasuwa ce, mai kaya ba shi da baki!”

Saura minti ɗaya lambar ta motsa. Ta sake motsawa. Ashe manyan suna laɓe ne, kowa na jiran ƙarshe don kar a gane shi. A daƙiƙun nan na ƙarshe ban iya karanta lamba ɗaya ba kafin wata ta hau kanta. Ina jin Yaya a kunnena yana cewa, “Ƙara! Ƙara, bawan Allah!” kamar suna jin sa. Sai allon ya tsaya, aka rubuta an sayar.

Na juya kuɗin zuwa sefa a raina, na sake juyawa don kar in yi ƙarya. Baba ya matso.

“'Yata, ya isa mota?”

“Ya isa mota, Baba. Ya isa ɗaki da rufin kwano da ƙofa, har ka sayi 'yan awaki ka ɗaure.”

Ya sunkuyar da kai, leɓunansa suna motsi. Can ya laluba aljihu ya fito da wata 'yar takarda da ta sha ninki, da lambar waya a jiki, ya ce ta ƙanwarsa ce da ke ƙauye, in kira masa. Na kira na sa masa a kunne. Suka gaisa, ya tambayi yara, ya tambayi damina, ya tambayi wasu mutane ɗaya bayan ɗaya, sau biyu yana cewa Allah ya jiƙansa. Sannan ya ce:

“Ki gaya musu ina tafe. A'a, ba ziyara ba. Na dawo ke nan.”

Na miƙa wa Yaya wayar ya riƙe masa, na tashi na shiga ɗaki na rufe ƙofa, na yi kukana son raina.